Fankar Goggo Hajo

A duk faɗin Gadarif ban san mutumin da ya taɓa kunna hitar mota da gangan ba. Masu ƙera motoci don sanyin ƙasarsu suka yi ta, mu nan rana ta wadatar da mu. Sai dai hitar tana da wata 'yar fanka a ɓoye ƙarƙashin akwatin takardu, gaban kujerar fasinja, kuma ita ce ke huro duk iskar da ke shiga mota, mai zafi ko mai sanyi. Shekara ashirin da biyu ina gyaran wutar mota, na cire irinta ba iyaka, na manta da su. Guda ɗaya ce ta ƙi barina in huta.

Sunana Nasir, amma Usta ake ce mini, kamar kowane mai sana'ar hannu a garin nan. Gajeriyar katanga ce ta raba gidana da na Lawal, dillalin riɗi da dawa a kasuwar amfanin gona. A ƙuryar gidansa akwai wani ɗakin kwano da a da ake jibge buhuna a ciki. Nan aka kwantar da Goggo Hajo, ƙanwar mahaifinsa, tun da ɓarin jikinta ya shanye. Hannu ɗaya ne ya rage mata mai motsi, shi ma ba ya iya riƙe mafici. Bakinta ya karkace, amma in ka kasa kunne za ka ji abin da take faɗi, kuma ba ta taɓa rasa abin faɗi ba.

Da zafi ya kunno kai, wutar gari kuma ta koma sai ranar da ta ga dama, na ciro fankar hita daga wata matacciyar mota a garejina. Na ɗaure ta a jikin katako, na haɗa mata tsohon batir da ɗan farantin sola a kan rufi, na girke ta saitin gadon igiyar Goggo. Ba wata iska ce ta a zo a gani ba, amma tana busar da gumi, tana korar ƙuda. Goggo ta ce tunda Allah bai ba ta haihuwa ba, ga shi ta yi 'ya da tsufanta. Ta raɗa wa fankar suna Mawada.

Lawal kuwa yana da farar mota ƙirar Koriya, wadda ya fi kula da ita fiye da idonsa. Na'urar sanyinta, wadda muke kira mukayyif, ta mutu tun kafin ya saye ta. Ni na duba na gaya masa, ya roƙe ni kada maganar ta fita. Kullum da gilashi a rufe yake yawo. A kasuwarmu dillalin da ya iso da gilashi a rufe shi ne mai nauyi, shi manoma ke sakin jiki su damƙa wa amfaninsu. 'Yar fankar nan kaɗai ke hana shi dahuwa a ciki, sai ga shi a tsakiyar Afrilu ta yi shiru.

Ranar Juma'a da hantsi ya leƙo ta kan katanga.

"Ya Usta, ara mini sukudireba. Marwahar arabiyya ta tsaya." Fankar mota ke nan, a bakin mutanen garin nan.

"Yau Juma'a ce, kawo ta gareji bukra in duba."

"Haba, a gaban jama'a? Aikin gida ne. Kai dai tsaya nan ka riƙa gaya mini."

Na tsaya. Ya tattare jallabiyarsa ya ƙulle a ƙugu, ya kwanta rigingine a ƙasan kujera, ƙafafu a waje, tumbi ya cika ƙofa. Na ce ya cire akwatin takardun, ya lalubo noti uku, ya zare soket. Ya fi rabin sa'a yana nishi yana tsine wa Koriya da mutanenta. Da fankar ta faɗo, sai ga sheƙar ɓera a cikinta, tsummoki da ɓawon riɗi cunkus, ga warin ƙuna. Na karɓa na shinshina, na ce ta ƙone ƙurmus, sabuwa kuma tun da hanyar Khartoum ta lalace sai an jira ta daga Port Sudan.

Ya shige can ƙuryar gida, jim kaɗan ya fito da wata fanka a hannu, igiyar da na ɗaure ta da ita tana reto. Shuɗin salatif ɗin da ke jikin wayar nawa ne.

"Ya Lawal, wannan ai ta Goggo ce."

"Aro ne, ya zol. Kwana biyu. Wani direba zai kawo mini sabuwa daga Gallabat, can bakin iyaka."

"Ka tambaye ta?"

"Barci take. Kuma tsakani da Allah, kayan arabiyya ai a arabiyya ya kamata ya zauna."

Fankar ta ɗan fi ramin girma. Ya sa matarsa Ruqayya ta gasa masa wuƙa a garwashi, ya yanke gefen robar, ya tura, ta ƙi, ya danna da diddige. Wani abu ya yi ƙas a ciki, ya ce ba komai. Ya ɗaure da waya, ya kunna. Ƙara ta tashi, iska kuwa babu, don ya haɗa wayoyin a juye, fankar da baya take gudu. Ya ɗago ya dube ni. Da na yi shiru, da ya gaji ya cire ta ya mayar inda ya ɗauko. Amma mai sana'a ba ya iya ganin aiki a karkace ya kame bakinsa, sai na ji muryata tana cewa, "Musanya ja da baƙi." Ya musanya, iska ta huro, ya yi mini godiya har da ɗaga hannu biyu.

Kwana biyu suka wuce, direban Gallabat bai zo ba. A rana ta uku bayan azahar na shiga gaida Goggo, don ɗa ta ɗauke ni, ba a yi mini shamaki. Da na ɗaga labulen ɗakin sai da na ja baya, kamar an buɗe bakin tanda. Tana kwance, zanenta ya jiƙe ya manne mata, ƙudaje sun jeru a gefen bakin da ba ta iya motsawa. Katakon yana nan, batir yana nan, wayoyi biyu suna lilo.

"Ya waladi," ta ce da ƙyar, "Mawada ta tafi yawo?"

"Za ta dawo, Goggo."

"An ce arabiyya ta shiga. To ai ta fi ni, ni ban taɓa shiga ba."

Ta yi wata 'yar dariya da rabin baki, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Na yi mata fifita har hannuna ya gaji, na fito na sami Ruqayya tana toya kisra, wainar dawar nan mai faɗi, a madafi.

"Ruqayya, ko da rana ku riƙa fito da ita inuwar darbejiyar nan mana."

"Ya Usta, ni kaɗai zan ɗauke ta? Kuma baban yara ya hana. Ya ce baƙi suna shigowa, sai a ce mun jefar da tsohuwa a tsakar gida kamar kayan wanki."

"To a ɗaki fa, me za a ce?"

"A ɗaki ai ba mai gani." Ta juya kisrarta. "Ina yi mata fifita in na samu sarari. Hannuna biyu ne. Ni ba na shiga tsakanin namiji da arabiyyarsa."

Ba ƙarya ta yi ba. Tana shiga, tana fifita, tana fita in tukunya ta kira ta. Ruqayya ba muguwa ba ce, ta dai daɗe da koyon abin da ake gani a yi kamar ba a gani ba a gidan nan.

A rana ta biyar ƙuraje suka feso wa Goggo daga wuya har gadon baya. A ta bakwai bayan ya fara ɗayewa, don gumi ba ya bushewa, ita kuma ba ta iya juyawa. Ta daina cin asida, tuwon nan namu mai laushi, sai ruwa da cokali. Na tare Lawal a ƙofar gida yana goge gilashin motarsa da gefen rawani.

"Ina direban Gallabat?"

"An rufe iyaka kwana biyun nan. Ma'alesh, ka san hali."

"Goggo tana narkewa, Lawal."

"Wallahi kai ba ka san ta ba. Matar da ta yi shekara talatin tana yankan riɗi a gonakin Fashaga rana tsaka? Zafi abokinta ne. Kai ne ma ka ɓata ta da marwaha." Ya rage murya, kamar likita zai faɗi sirri. "Kuma na tambayi masana. Iskar marwaha ita ke kawo rutuba, sanyin ƙashi. Ga mai shanyewar jiki guba ce. Ni taimakonta na yi, amma ba wanda zai gode."

Ban san su wane ne masanan ba. Na san dai shi da kansa ƙarƙashin fankar ɗakinsa yake baje ƙafafu duk ranar da aka kawo wuta, ƙashinsa kuma lafiya lau.

Kada mai karatu ya ɗauka ni na fita. Na ɗauki ƙonanniyar fankar zuwa gareji, na warware ta, na sake naɗa mata waya daga wani tsohon dinamo. Na kai wa Goggo, ta yi aiki daga hantsi zuwa azahar, ta yi hayaƙi ta mutu. Na ce zan nemo wata. Sai aka kira ni garin Fau, taraktoci huɗu ake son tayarwa kafin damina, na ce wa kaina kwana ɗaya ne. Na yi huɗu. A can ma akwai matattun motoci, kuma kullum sai na ce in na gama wannan zan duba. Na dawo hannu wofi, da uzurina mai kyau kamar na kowa.

Ranar da na dawo na ga Lawal ya tsaya a ƙofar gida da la'asar. Ya daɗe bai fito ba. Ta gilashi na hango shi yana goge fuska da wuya da tawul, yana gyara rawani, sannan ya buɗe ƙofa. Jallabiyarsa kamar an tsamo ta daga randa. Na miƙa hannu cikin motar saitin inda iska ke fitowa, na janye da sauri. Iskar tana ƙuna.

Nan na gane abin da ya yi ƙas. A cikin akwatin iskar akwai ɗan marfi da ke raba hanyar iskar waje da hanyar hita, inda ruwan zafin inji ke bi. Diddigen Lawal ya karya sandar marfin, ya maƙale a ɓangaren zafi. Tun ranar Juma'ar nan maƙwabcina yana yawo a Gadarif, a watan Afrilu, da gilashi a rufe da hita a kunne.

"Ya Lawal! Wuta kake hura wa kanka. Ba ta yi maka amfanin komai. Ba ni minti goma in cire ta in mayar wa Goggo."

"Iska ai iska ce, ya Usta. Wajen ƙafafu nake juya ta." Ya waiga ko wani na ji. "Kuma ƙararta ake so. In na tsaya gaisawa na sauke gilashi kamar yatsa biyu, mutum ya ji tana huci, halas, ya san da mukayyif. Makon nan manyan 'yan kasuwa ke saye, ka bari su gama. Bayan haka da hannuna zan mayar."

"In ta kai bayan haka."

"Rai na Allah ne," ya ce, ya kulle motar, ya jefa makullin a aljihu.

Na tsaya ina kallonsa, raina yana tafasa. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, kuma a gaskiya har dariya ta so kama ni, don ban taɓa ganin mutumin da ya sha wahala haka wajen zaluntar wani ba.

Na shiga wurin Goggo. Ta rame, idanunta sun faɗa, numfashinta gajere-gajere. Ba ta yi mini barkwanci ba. Na jiƙa tsumma na shafa mata a goshi, ta kama yatsana da hannun nan mai motsi.

"Kada ka yi faɗa da shi," ta ce. "Ni na goya shi. Tun yana yaro ba ya son a ga gwiwar wandonsa a yage."

Kwana biyu bayan haka, wajen ƙarfe ɗaya na rana, Ruqayya ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Goggo ta daina gumi. Jikinta ya bushe ya yi zafi rau, idonta a buɗe amma ba ta gane kowa. Lawal ya dawo cin abinci ke nan. A nan kam bai yi gardama ba. Muka ɗauke ta a zane ni da shi, ba ta fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba, muka shimfiɗe ta a kujerar baya, kanta a cinyar Ruqayya. Na zauna gaba.

Ya sauke gilasai duka huɗu da kansa, don maɓallan gefensa kaɗai ke aiki. Iskar hanya ta shigo. Na waiga na ga ƙirjin Goggo yana ɗagawa, na ce a raina za mu kai.

Gajeriyar hanyar asibiti ta gaban kasuwar amfanin gona ta bi. Muna shan kwanar, na ji gilasai suna hawa. Ya murɗa fankar har ƙarshe.

"Me kake yi?"

"Bari mu wuce kasuwa. Minti ɗaya ne."

Ba minti ɗaya ba ne. Wata babbar mota shaƙe da dawa ta gitta hanya tana neman juyawa, keken jaki ya shiga gabanta, aka cushe. Muka tsaya cak daidai rumfar mai shayi, inda manyan 'yan kasuwa ke zama. Suka ɗago hannu, Lawal ya ɗaga musu nasa, har da ɗan murmushin mai abin hannu. Cikin motar kuwa hucin inji yana bugun ƙafafunmu yana hawa sama. Gumi ya rufe mini ido.

"Lawal, sauke gilashi."

"Yanzu za a buɗe hanya."

"Baban yara," Ruqayya ta ce daga baya, muryarta ƙasa-ƙasa, "numfashinta fa."

"Na ce yanzu!"

Na sa hannu ƙarƙashin akwatin takardu na fizge wayar, fankar ta mutu. Amma ƙofa ban buɗe ta nan take ba, kuma wannan sai na faɗa. Motar mutum ce, a gaban abokan sana'arsa, ni kuma an raine ni da kunyar maƙwabci. Na ba shi lokaci ya yi da kansa. Ban san tsawon lokacin ba, na san dai ya yi yawa. Da na banko ƙofata na zagaya na buɗe ta baya, sai Lawal ya ɗaga murya yadda 'yan rumfa za su ji:

"Rufe mana, ya Usta, sanyi yana fita!"

Ruqayya ba ta dube shi ba. Ta sa tafin hannu ta shafe idanun Goggo, ta ja mayafinta ta rufe mata fuska, ta fara salati. Sai a lokacin babbar motar ta matsa, hanya ta buɗe.

Aka yi jana'iza kafin magariba. Washegari aka kafa rumfar makoki a ƙofar gida, babba, ta tare titi. Lawal ya yanka rago, ya sa aka kawo ƙanƙara a buhu, ya yi hayar janareta da manyan fankoki biyu don kada masu ta'aziyya su sha zafi. Ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaske ne. 'Yan kasuwa suka zo a jere, ana ɗaga hannu ana Fatiha, ana zagayawa da shayi.

Babbansu, Alhaji Ɗahiru, dattijo mai farin gemu wanda in yana magana ba a katse shi, ya kurɓi shayi ya gyara murya.

"Jama'a, a zamanin nan da 'ya'ya ke watsar da iyayensu, ku dubi Lawal. Ba uwarsa ba ce, goggonsa ce. Amma da idonmu muka gani jiya, ya ɗauko ta a arabiyyarsa, gilashi a rufe, cikin sanyi. Wasu a bayan keken jaki ake kai su. Ita cikin mukayyif ta cika. Allah Ya ba mu masu yi mana haka."

Aka amsa da amin. Lawal ya sunkuyar da kai ya ce, "Haƙƙinta ne, ya Hajj."

Alhaji Ɗahiru ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, ya Usta? Kai ma kana cikin arabiyyar."

Na ajiye kofin shayina. Na faɗa, kuma da ƙarfi.

"Arabiyyar ba ta da mukayyif, ya Hajj. Ba ta taɓa yi ba. Hita ce ke hurawa. Marwahar kuma ta Goggo ce, daga kan gadonta aka cire, kwana goma sha huɗu tana kwance a ɗakin kwano babu iska. Ni na nuna yadda za a haɗa wayar."

Wani ya dubi takalminsa, wani ya shiga jan carbi. Na ɗauka wani zai tambayi Lawal ko gaskiya ne, ko a ce a kawo makulli a duba, ga motar nan a gefe a ƙarƙashin inuwa. Ba wanda ya motsa. Kowannensu yana da ɗakin ƙurya a gidansa, kuma ba wanda ke son a fara ɗaga labule.

Alhaji Ɗahiru ya daɗe yana kallona da tausayi. Sannan ya girgiza kai.

"Hita a Gadarif? La haula. Rana ta taɓa Usta, bawan Allah, jiya shi ya yi ta ɗawainiya. A ba shi ruwa. Al-Fatiha."

Hannaye suka tashi gaba ɗaya. Da aka shafa, Lawal da kansa ya miƙe, ya zaɓo ƙanƙara mafi girma ya jefa a kofi, ya kawo mini har inda nake zaune, ya durƙusa ya miƙo da hannu biyu. Na ji wani a bayana yana cewa, "Dubi haƙurinsa, wallahi. Har wanda ya zage shi."